Yadda furodak manaja zai shirya wa intabiyun zayyana tsarin girgije

Matasa da dama a Birnin Kebbi da Gusau sun shiga aikin furodak manaja, wato mai yanke shawarar abin da za a gina a manhaja da abin da za a fara da shi, a 'yan shekarun nan, wasu ta shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu da ƙoƙarin kansu bayan sun gama karatu a Kwalejin Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Gusau. Zagayen intabiyu da ake tambaya kan masu amfani da manhaja da abin da ya kamata a fara ginawa bai cika ba mutum wahala ba. Inda ake tuntuɓe shi ne lokacin da injiniya zai zauna ya ce: zayyana mana tsarin da zai yi kaza a kan girgije, kana da minti 45.

Girgije dai kwamfutoci ne na haya da ke jibge a manyan cibiyoyin bayanai, kana biyan gwargwadon abin da ka yi amfani da shi. Amazon, ta sashensa mai suna AWS, ya fara wannan haya a 2006 da S3 na ajiyar fayil da EC2 na hayar kwamfuta, Microsoft ya biyo da Azure a 2010, ga kuma Google Cloud. Ba za a ce ka rubuta kod ba, kuma ba a sa ran ka fi injiniyan da ke gabanka sanin inji. Abin da yake aunawa shi ne ko za ka iya ɗaukar buƙatar mutane ka mayar da ita lissafi, daga lissafin ka yi zaɓi, sannan ka faɗi abin da zaɓin ya sa aka rasa. Wanda ya cika allo da akwatuna bai faɗi dalilin ko ɗaya ba ya faɗi. Wanda ya zana akwati biyar ya kare kowanne da hujja ya wuce.

Kayan da dole ka sani

Da Turanci za a yi intabiyun, don haka ka riƙe sunayen kayan yadda injiniyoyi ke faɗarsu. Ba su da yawa. Lod balansa shi ne mai raba buƙatun da ke shigowa tsakanin sabobi, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatun, ya kuma daina aika wa wadda ta mutu. Rumbun bayanai iri biyu ne a takaice: mai teburi irin PostgreSQL da MySQL, wanda ya dace da kuɗi saboda ciniki ko dai ya kammalu gaba ɗaya ko a soke shi gaba ɗaya, da kuma irin DynamoDB ko MongoDB, wanda ke bazuwa cikin sauƙi idan bayanai sun yi yawa. Kash, irin Redis, ma'ajiyar kusa ce da ke riƙe amsoshin da ake yawan nema don kada a riƙa wahalar da rumbu, amma tana iya ba da amsar da ta tsufa. Hotuna da bidiyo ana zuba su a ma'ajiyar fayil irin S3. CDN yana ajiye kwafin fayilolin a garuruwan da ke kusa da masu buɗe su. Sai kyu, irin SQS ko Kafka, wanda aikinsa ya yi kama da layin manyan motoci a ƙofar kamfanin casar shinkafa: kaya na isowa a lokaci guda, injin kuma yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ƙarfinsa, ba a mayar da kowa gida.

Kan kowane ɗaya ka iya amsa abu uku ba tare da duba takarda ba: wace matsala yake magancewa, wace sabuwar matsala yake kawowa, kuma yaushe ne ba a buƙatarsa. Na ukun shi ne wanda masu shiri suka fi mantawa.

Minti bakwai na farko: kada ka taɓa allo

A ce tambayar ita ce: zayyana tsarin da kamfanin casa zai riƙa biyan manoman shinkafa kuɗinsu da zarar sun kawo shanshera wurin saye. Wannan misali ne da ɗan Kebbi ya san cikinsa, tun da a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma daga Argungu zuwa Suru da Yauri kowa ya san yadda kaka take.

Fara da tambayoyi. Su wa za su yi amfani da tsarin? Manomi, wakilin da ke kan sikeli, da akawun kamfani, kowanne da buƙatarsa. Wace waya ce a hannun manomin? Idan ƙaramar waya ce mai maɓalli, to hanyarsa USSD ce da saƙon tes, manhajar Android ta wakili ce kawai. Yaya sabis yake a wurin saye? Cikin wane lokaci ake son kuɗi ya shiga, minti biyar ko kafin dare? Wanne ya fi muni, a jinkirta biya ko a biya sau biyu? Mai tambayar zai amsa wasu, wasu kuma ya ce ka zaɓa da kanka. Idan ya ce haka, ka zaɓa, ka faɗa da baki, ka rubuta a gefen allo. Sannan ka yanke abin da ba za ka taɓa ba yau, kamar bashin taki da inshora, ka nemi amincewarsa. Wannan yankewar ita ce ainihin aikin furodak manaja, kuma ana lura da wanda ya yi ta tun da wuri.

Lissafi

Nan ne ya kamata ka fi ba wa lokaci a shirinka, domin lissafi ne ke hana mutum gina abin da ya fi ƙarfin buƙata. Ka haddace cewa yini yana da daƙiƙa 86,400, awa goma na aiki kuma 36,000.

Mu ƙaddara manoma 200,000 ne, kowanne yana kawo kaya sau 3 cikin kwana 30 na tsakiyar kaka. Awo 600,000 ke nan, wato 20,000 a rana. Raba da 36,000, bai kai awo ɗaya a daƙiƙa ba. Ko ka ninka sau goma saboda ranar kasuwa, 6 ne a daƙiƙa. PostgreSQL guda ɗaya a kan matsakaiciyar na'ura zai ɗauki wannan ba tare da ya ji ba. Duk wanda ya fara maganar rarraba rumbun bayanai gida-gida a nan ya nuna bai saurari lissafinsa ba.

Sai ka juya ɓangaren dubawa. Manomin da ke jiran kuɗinsa zai danna USSD ya duba, ya sake dubawa. Idan kowanne ya duba sau 5 a rana, miliyan 1 ke nan, kusan 28 a daƙiƙa, ninki hamsin na yawan awon da ake shigarwa. Yanzu kash ko kwafin rumbu na karatu kawai ya samu dalilin shiga zanen.

Bayanan awo ɗaya ba su wuce kilobayit 1 ba, duka kakar megabayit 600. Hoton rasit ne mai nauyi. Idan wayar wakili ta ɗora hoto mai megabayit 3 yadda kyamara ta ɗauka, terabayit 1.8 ne a kaka, kuma wakilin da ke awo 50 a rana zai ƙone megabayit 150 na data a kan sabis mai rauni. A matse hoton a waya zuwa kilobayit 200, sai ya koma gigabayit 120 a kaka, megabayit 10 ga wakili a rana. Shawara ɗaya ta rage nauyin sau goma sha biyar.

Ga wani lissafin da ɗan ƙasar Hausa zai kawo wanda mai tambaya a Landan ƙila bai taɓa tunaninsa ba. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan na cikin jerin GSM ne. Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin, haka ma alamar naira. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, ko 67 a kowane yanki idan saƙon ya rabu. Saƙo mai harafi 150 sai ya zama guda uku, kuɗinsa ya ninka uku, a kan saƙonni 600,000. Za ka rubuta Hausa daidai ka biya, ko ka cire ƙugiya ka rage kuɗi? Kowanne ka zaɓa, ka nuna ka san farashinsa.

Zane

Yanzu ka zana, cikin minti goma, daga hagu zuwa dama. Manhajar wakili da ƙofar USSD, sai lod balansa, sai sabobi biyu ko uku, sai rumbun bayanai da kash, hotuna su tafi S3 kai tsaye daga waya, umarnin biya ya shiga kyu, wani ma'aikacin inji ya ɗauko ya miƙa wa banki ko kamfanin biya da ke kan hanyar NIBSS, wadda bankunan Najeriya ke tura wa juna kuɗi ta cikinta. Daga nan ka ɗauki buhu ɗaya ka bi shi da yatsa tun daga sikeli har ƙarar shigowar kuɗi a wayar manomi, kana faɗin abin da ke faruwa a kowace gaɓa. Idan akwai akwatin da buhun bai ratsa ba kuma ba ka da bayaninsa, goge shi.

Inda abubuwa ke lalacewa

Kashi ɗaya cikin uku na lokacin a nan zai tafi, kuma a nan ake bambanta masu nema.

Matsala ta farko biya sau biyu. Wakili ya danna "tura", sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Saƙon farko kuwa ya riga ya isa. Maganin shi ne wayar ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowane awo tun kafin ta tura, ta riƙa maimaita lambar a duk sake turawa, rumbun bayanai kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Injiniyoyi na kiran wannan aidempotensi, kuma kalma ce da ya kamata ta fito daga bakinka a duk tambayar da ta shafi kuɗi. Haka abin yake tsakaninka da banki. Idan ka aika umarni ba ka samu amsa ba, ba ka san ko kuɗin ya fita ko bai fita ba. Kada tsarin ya sake aikawa a makance. Ya sa cinikin a matsayin "ana jira", ya tambayi banki halin da lambar take ciki, sannan kowane dare a gwada littafin kamfani da na banki a fitar da saɓani. Ka kuma faɗi abin da manomi zai gani a wayarsa a wannan tsakanin, domin mutumin da ya bar buhu ashirin a wurin saye ya koma gida hannu rabbana yana buƙatar saƙon da ke cewa an karɓi kayansa, ga nauyi, ga kuɗi, ga lambar rasit.

Ta biyu rashin sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni a haka. Ko ba wannan ba, ƙauyuka da yawa a fadama sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Don haka manhajar wakili ta iya aiki ba intanet: ta adana awo a cikin waya, ta tura idan sabis ya dawo. Amma wannan na zuwa da nasa haɗarin. Kamfani na iya sauya farashin kilo da safe alhali wayar na riƙe da na jiya. Wayar na iya faɗawa ruwa da awon kwana biyu a cikinta. Wakili marar gaskiya na iya shigar da awon bogi ba mai gani. Eric Brewer ya bayyana tushen wannan a 2000, a abin da ake kira ƙa'idar CAP: idan sadarwa ta yanke tsakanin sassan tsari, ko dai ka ci gaba da aiki da bayanan da ƙila sun saɓa, ko ka tsaya har a daidaita. Amsa mai ƙarfi ita ce a raba. Karɓar kaya ya ci gaba ko ba sabis, tare da rasit na takarda da iyakar yawan awon da waya za ta riƙe. Fitar da kuɗi kuwa ya jira sai uwar sabar ta tabbatar.

Ta uku mutuwar cibiyar bayanai. Yawancin yankunan girgije suna da shiyyoyi da ke gine-gine daban, da wuta daban. Ajiye sabobi da kwafin rumbu a shiyya biyu abu ne da kusan kowane tsarin kuɗi ya kamata ya yi. Ajiye cikakken kwafi a wani yanki na duniya kuwa tsada ne da wahalar kulawa, sai da dalili. Ka tambayi abu biyu: bayanan minti nawa za mu iya jure rasawa, kuma cikin awa nawa dole mu dawo aiki? Su ne RPO da RTO. Manyan ma suna faɗuwa. A 28 ga Fabrairun 2017 kuskuren buga umarni ɗaya ya durƙusar da S3 na wani yankin Amurka tsawon sa'o'i. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya suka ji a jikinsu.

A ina za a ajiye, kuma nawa za a kashe

AWS ya buɗe yankin Kef Tawun a 2020, Azure yana Afirka ta Kudu tun 2019, Google Cloud ya buɗe na Johannasbag a 2024, akwai kuma ƙaramar shiyyar AWS a Legas tun 2023. Haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kuma kilomita 7,000 ce, don haka idan sabar tana Turai, zuwa da dawowa ba zai gaza milidaƙiƙa 70 ba kafin a ƙara tazarar Legas zuwa Kebbi. Shafin da ke yin kira goma ɗaya bayan ɗaya ya tara jinkirin da mutum zai ji. Sau da yawa rage yawan kiran ya fi sauya yanki amfani.

Kada ka yi alƙawarin tara-tara barkatai. Tsarin da ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari yana da damar mutuwa kusan minti 43 a wata, awa 8 da minti 45 a shekara. Kashi 99.99 kuwa minti 52 ne a shekara gaba ɗaya, kuma kowace tara da aka ƙara tana cin kuɗi da barcin injiniyoyi. Ga tsarin da ke da kyu da manhaja mai aiki ba intanet, 99.9 ya wadatar, ka faɗi haka da hujjarsa.

Farashin girgije da dala ake yanka shi, kamfanin casa kuwa naira yake samu. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin hayar ya ninka uku ga wanda bai ƙara ko na'ura ɗaya ba. Shigar da bayanai girgije yawanci kyauta ne, fitar da su ne ake caja, kusan santi 9 kan gigabayit a yankunan AWS na Amurka da Turai. Tun da aikin na kaka ne, ka ba da shawarar ƙara sabobi lokacin girbi a rage su bayansa, tsofaffin hotuna kuma a mayar da su ma'ajiya mai araha. Ka fitar da abin da awo ɗaya ke ci, domin da wannan adadin ne shugabannin kamfani ke fahimtar magana.

Tsarin zai riƙe BVN da NIN da lambobin asusu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan tattara irin waɗannan da fitar da su ƙasashen waje, hukumar NDPC ce ke sa ido. Ka ambaci ɓoye bayanai da makulli a ajiye da kuma a hanya, ka ce wakili ba zai ga komai ba sai na manoman wurinsa, kuma lambobin sirri ba za su shiga kundin aikin sabar ba.

Rufe amsar da ma'auni uku ko huɗu: tsawon lokaci daga awo zuwa shigar kuɗi ga kashi 95 na manoma, yawan biyan da aka maimaita, yawan awon da ya kwana a waya bai isa ba. Ka guji matsakaicin lissafi, domin yana ɓoye mutanen ƙauyen da ke jiran kwana uku a bayan na gari da ke samu cikin minti biyu.

Mako shida na shiri

Mako biyun farko na koyon kaya ne. Darussan jarrabawar AWS Cloud Practitioner ko AZ-900 ta Microsoft sun isa. Jarrabawar AWS ɗin dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90, amma karatun ne ke da amfani ko ba ka zauna ta ba. A mako na uku ka buɗe asusun gwaji, ka ɗora fayil a S3, ka aika saƙo cikin kyu ka ɗauko shi. Kafin komai ka saita faɗakarwar kashe kuɗi, ka kuma goge duk abin da ka kunna idan ka gama, domin na'urar da aka manta a kunne tana cin dala dare da rana.

Sauran mako ukun na atisaye ne da baki, da agogo a gaba. Ka nemi aboki injiniya ya riƙa katse ka da "me ya sa?" da "idan wannan ya mutu fa?". Ka sauya tambayoyi: manhajar hira irin WhatsApp, shafin duba sakamakon jarrabawa da dubban ɗalibai za su afka wa cikin awa ɗaya, tsarin sayar da tikitin bikin kamun kifi na Argungu. Ka naɗi muryarka ka saurara, za ka ji inda kake ambaton sunan kaya ba tare da dalili ba.

Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka taɓa aiki da shi ba, sannan ka faɗi yadda kake zaton yake aiki da tambayar da za ka yi wa injiniyanka. Idan aka ce masu amfani sun ninka ɗari, ka koma lissafinka: 6 a daƙiƙa ya zama 600, dubawa ta kai 2,800, sai ka nuna abin da zai fara gazawa, wanda a wannan tsarin zai fi yiwuwa ya zama iyakar da banki da ƙofar USSD suka sa maka, tun kafin rumbun bayananka.

Ranar intabiyu kada ka dogara da wutar Kaduna Electric. Ka cika kwamfuta da fawa banki, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, ka gwada kiran bidiyo a ɗakin da za ka zauna a daidai wannan lokacin kwana ɗaya kafin ranar. Ka saba da allon zane irin Excalidraw ko Miro, ka kuma ajiye farar takarda da baƙin alƙalami mai kauri da za ka nuna wa kyamara idan raba allo ya ƙi. Ka duba agogo da kyau: Landan daidai take da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana baya da awa ɗaya, gaɓar yammacin Amurka kuwa tana baya da awa 8 ko 9. Idan lokacin da aka ba ka ya faɗa kan sallar Juma'a ko magariba, ka nemi a sauya tun ranar da aka aiko da gayyatar.